Wadda Ta Wanke Mini Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayata da muke ciki ɗaya ta amsa kiran Ubangijinta, kuma ba a Sakkwato ta amsa shi ba. Can ta cika a ƙasar Turawa, a kan wani dutse da ban taɓa sa wa ido ba, can kuma aka rufe ta. Mu nan Ƙofar Rini tabarmi kawai muka shimfiɗa muka zauna. Makoki ba gawa, ba makara, ba ƙamshin kafur a tsakar gida. Na tsufa ina zaman makoki, ban taɓa zaman wanda ya yi mini fayau kamar wannan ba.

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Ina faɗa ne ɗiyata tana rubutawa, don jikokin Yaya su san kakarsu ta wuce hoton da ke cikin waya.

Hoton nan kuwa shi ya cinye zaman makokin. Mata suka riƙa miƙa wa juna waya, tasbaha a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"Ku dubi Hajiya cikin ƙanƙara! Wando na wanga ƙarƙashin zanenta?"

"Wando na hwa. Kuma dariya take yi."

"Kai, wagga baiwar Allah ta sha iska kahin ta tahi."

Matar mai kilishin da ke maƙwabtaka da mu ta gyara mayafi ta ce, "Ni abin da ke damuna, mutum da tsuhwa ya tahi ya mutu cikin daji, ƙasar da ko kiran salla ba a ji..."

Na ce, "Ke kinka raba ƙasa da Mai ita? Can ta Allah, nan ta Allah. In kin gama addu'a, ga ƙohwa nan."

Ba wanda zai taɓa Yaya a gabana. In akwai mai magana a kanta, ni ce.

Kuma ina da maganar. Ranar sadakar uku babban ɗanta, wanda ya gaji sana'ar fawa ta gidanmu, ya zo ya tsaya bakin ƙofar cikin gida, ido jawur, ya ce duk wanda mahaifiyarsa ta saɓa wa, don Allah ya yafe mata. Mata suka haɗa baki: "Mun yahe, duniya da lahira." Ni ban buɗe bakina ba. Ya dube ni, na dube shi. Ya sunkuyar da kai ya koma zaure. Kafin la'asar duk gidan ya san Inna ƙarama ba ta yafe wa yayarta ba.

Ga dalili.

Mahaifinmu mahauci ne, mahaifiyarmu kuwa ita ke wanke gawar mata a unguwa. Ta koya mana mu biyu. Ni na ɗauka, har yau ni ake kira daga nan zuwa Ƙofar Dundaye. Yaya ba ta da zuciyar. Aikinta riƙe buta da zuba ruwa, hawaye na zuba tare da shi. Ranar da muka wanke mahaifiyarmu, bayan mun ɗaure likkafani, Yaya ta kama hannuna ta ce, "Auta, in na riga ki, hannunki za ya wanke ni. In kin riga ni, ko zuciyata za ta tsage, ni ka wanke ki." Na ce na amince. Ba mu sake tada zancen ba, domin alkawarin da aka yi a kan gawar uwa ba ya bukatar tuni.

Na wanke matan da ban san sunansu ba. Na wanke waɗanda suka zage ni suna raye. Yayata kuwa wata baƙuwa ta wanke. Kuma ba haɗari ne ya jawo haka ba: ashe ta bar wa ɗiyarta wasiyya tun tana da ƙarfinta, cewa inda ta faɗi nan za a rufe ta, kada a sa ta cikin akwati a ɗora a jirgi kamar kaya. Ta yanke wannan shawara ba ta faɗa mini ba.

Tun muna yara ƙafarta ba ta zama. A aike ta sayen gishiri, sai a tsinto ta bakin gulbi tana kallon masu kwalekwale. Mahaifinmu yakan ce, "Wagga ɗiya da namiji ce, da ita ka kora mani shanu har kurmi." Aure ya zo ya rufe mu duka biyu a cikin gida. Ni zama bai taɓa damuna ba. Ita kuwa sai ka gan ta tana zagaye tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure da gajeren igiya. Tana da wata magana da takan faɗa in ta gaji: "Ƙahwa amana ce, Auta, za a tambaye mu ina munka kai ta." Nakan ce mata, "Haka na, shi ya sa nike aje tawa wuri guda."

Bayan rasuwar mijinta ne ɗiyarta da ke aure a ƙasar Turawa ta haihu a can. Surukin nata likitan dabbobi ne, yana duba shanun mutanen ƙauyukan da ke cikin duwatsu. Aka ce Yaya ta je ta yi mata wankan jego. Ta tafi da niyyar kwana arba'in da 'yan kai.

Da fari kullum sai ta kira ni tana kuka. Rana ba ta fitowa sai a makare, ta leƙo ta koma. Gida shiru kamar kabari, ba mai sallama, ba mai zuwa aron turmi. Gwiwoyinta suka kumbura don zama. Nakan ce mata, "To ki dawo mana, wa ya ɗaure ki?" Ina faɗa ina jin daɗi a raina, don na san tana hanya.

Sai wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Maƙwabciyarsu ce. Farar fata, amma Musulma, daga wata ƙasa da yaƙi ya kore su tun tana da ƙuruciya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse. Ta ga Yaya kullum a bakin taga tana kallon dutse. Ta zo da sanduna biyu da takalma masu kauri, ta ajiye a gabanta, ta nuna mata ƙofa. Ba ta jin Hausa, Yaya ba ta jin yarenta. Abin da suka haɗa bismillah ne da alhamdu lillahi. Da su suka fita.

Daga ranar nan kukan ya ƙare, kuma ni ban sake samun Yaya ita kaɗai ba. Duk kiran da za ta yi, tsohuwar nan tana ciki. "Ni da ƙawata munka tahi." "Ƙawata ta gwada mani." Ni da na yi shekara sittin da wani abu ina bayanta, ban taɓa jin ta ambace ni da irin wannan murya ba.

Lokacin sanyi ta ce dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa har gwiwa, sai su ɗaura wasu faffaɗan takalma kamar faifai don kada su nutse, su bi cikin itatuwa. Matasa na gangarowa daga saman dutse a kan katako biyu kamar an harbo su. Ita ba ta hau katakon ba, amma ta yarda babban jikanta ya zaunar da ita a wani ɗan gadon zamiya, ƙawar ta tura ta. Ta kife cikin ƙanƙara, ɗankwali a gefe guda. Tana ba ni labarin tana shaƙewa da dariya.

Na ce, "Yaya, kin san shekarunki kuwa?"

Ta ce, "Na sani. Ƙanƙarar ce ba ta sani ba."

Da sanyi ya wuce, ta ce ana kora shanu saman dutse su yi kiwo, an rataya musu ƙararrawa a wuya, an ɗaura musu furanni a ka kamar amare, gari duk ya fito rakiya. Nan ɗiyar mahauci ta motsa. Ta bi garken tana taɓa musu ƙugu. "Auta, saniya kamar ɗaki, hantsa kamar tulu, amma ba tozo! Mi za a ci ga saniyar da ba ta da tozo?" Surukinta ya sha kunya ranar, don ta tsaya gaban wani makiyayi tana nuna masa da hannu cewa bijiminsa ya kai yanka.

Da zafinsu, wanda ta ce bai kai sanyin safiyarmu ba, sukan shiga wani akwatin ƙarfe da ke rataye a igiya, ya ɗauke su ta kan itatuwa har ƙoli. Ta ce tun daga ƙasa take karanta duk abin da ta haddace, sai ta ji ƙafarta a ƙasa take buɗe ido. A can sama akwai tabki mai ruwa garai-garai, ana ganin tsakuwar da ke gindinsa. Turawa na iyo, su biyu kuwa sai su koma gefe su tsoma ƙafa. Da ruwan suke alwala, su shimfiɗa mayafi a kan ciyawa su yi azahar. "Auta, gajimare yana ƙarƙashina ina sujada. Ban taɓa sanin girman Allah ya kai haka ba."

Na ce, "Mu da muke sujada ƙarƙashin rufin kwano, wa muke bauta ma?"

Ta yi dariya ta ce ba ta da bakin yi da ni.

Da kaka ganye ya yi ja, sukan shiga daji da kwando su tsinko wasu 'ya'yan itace ƙanana masu baƙi-baƙi. Ta ce ba su kai kanya zaƙi ba amma suna rina harshe. Ƙawar tana tsintar naman kaza, irin wanda ke tsirowa a gindin itace, wannan kam Yaya ta ce ko da wuƙa a wuya ba ta ci. Shekara ta zagayo, ba watan da ba su da wurin zuwa. Kwana arba'in ya zama shekaru.

Takan zo gida, ban ce ba ta zuwa ba. Amma zuwan nata ma da dutsen take zuwa. Wata shekara ta sauka da sandunan nan biyu. Da an sallame asuba sai ta ɗaura takalmanta ƙarƙashin hijabi, ta fita, ta miƙe har Gidan Igwai ta dawo, tana dogara sanda dama da hagu. 'Yan kabu-kabu masu babur suka samu abin yi.

"Hajiya, hau in kai ki, kyauta!"

"Hajiya, sanda guda ba ta isa ba?"

Takan ce musu, "Ku bari sai kun kai shekaruna, in kun iya hawa gado ku gode Allah."

Labari ya iso ni ta bakin mata uku kafin hantsi. Na same ta tana shan kunu, na ce, "Yaya, mijinki mutum na mai daraja cikin garin ga. Ɗanki yana da rumhwa a kasuwa. Kina yawo a titi kamar wadda ta ɓace, mi kike so a ce?"

Ta ajiye ludayi ta ce, "A ce ta tahi ta dawo. Gobe ki zo mu tahi tare."

"Ni? In bi ki muna ƙwas-ƙwas da sanda? Ki koma wurin ƙawarki, ita ta saba."

Ta dube ni ta ce, "Auta, kishi kike da tsohuwar da ba ta da kowa?"

Na ce, "Tana da ke."

Na ɗauki mayafina na fita. Har ta koma ban taka gidan ba. Ita ta zo sallama, na amsa mata daga bakin ƙofa.

Sai dai in zan faɗi wannan, dole in faɗi ɗayan. Da maigidana ya rasu, ana tsakiyar zafin bazara, kwana kaɗan sai ga Yaya da jakarta. Lokacin ne kuma daidai da buɗewar hanyoyin dutsensu, wanda take jira tun sanyi. Ta shigo ɗakina ta shimfiɗa tabarma kusa da tawa. Matar da ba ta iya zaman awa guda ta zauna da ni har na fita takaba, ko zaure ba ta leƙa ba. Wuta ta ɗauke, ta yi mini fifita har hannunta ya sage. Ƙuraje suka feso mata a wuya, gwiwoyin suka sake kumbura. Wani lokaci in na ɗaga ido sai in ga ƙafafunta suna motsi su kaɗai a kan tabarma, kamar mai tafiya. Ba ta ambaci dutse ko sau ɗaya ba, ba ta ambaci ƙawar ba. Ranar da na fita takaba ta yi mini kitso da hannunta, washegari ta fara haɗa kaya.

Wannan ce Yaya. Ta ba ka duk abin da ke hannunta, amma ƙafarta tata ce.

Ranar sadakar bakwai, bayan azahar, babban ɗanta ya shigo da waya ya durƙusa a gabana. Ya ce ƙanwarsa ce daga can, kuma tsohuwar nan tana tare da ita, tana roƙon ta yi mini gaisuwa. Na ce ba ni da abin cewa da ita. Ya ce, "Inna, don darajar wadda ta tahi." Mata suka zuba mini ido. Na karɓa.

Na ga fuskarta. Tsohuwa ce ƙwarai, ta fi Yaya yamushewa, da farin ɗankwali, idanu sun kumbura. Ta yi sallama. Na amsa, don sallama ba a ƙin amsa ta. Ɗiyar Yaya tana gefe tana mayar mana da magana.

Ta ba ni labarin ranar. Sun hau kamar kullum, ba nisa, zuwa wani benci da suka saba hutawa. Yaya ta zuba musu shayi, ta kurɓa, ta ce ƙirjinta ya yi nauyi. Ta kwantar da kai a cinyar tsohuwar. Tsohuwar ta kira masu agaji, sannan ta riƙa karanta mata kalmar shahada, Yaya na maimaitawa, har ta daina.

A cinyarta. Na ce, "Tambaye ta, ita ta wanke ta?"

"Ita ce, Inna. Ni na zuba ruwa."

"Ta taɓa wanke gawa?"

"Ba ta taɓa ba."

Na gyara zama. Na ce to ta faɗa mini yadda ta yi, kada ta tsallake komai. Ta rufe ta da zane kafin ta cire mata kaya? Ta rufe. Ta naɗe hannunta da ƙyalle? Ta naɗe. Ta yi mata alwala? Ta yi. Da wane gefe ta fara? Da dama. Ganyen magarya fa? Babu shi a ƙasar, da sabulu suka yi, kafur a ruwan ƙarshe. Na ja tsaki, amma na san ya halatta. Gashin fa? Ta raba shi uku ta kitse, ta mayar baya. Ina tambaya ina neman inda za ta faɗi, ba ta faɗi ba.

Na ce, "Ruwan, da sanyin ƙasarku kunka zuba mata?"

Tsohuwar ta girgiza kai tun kafin a gama mayar mata. Ta naɗe hannun rigarta, ta nuna mini gwiwar hannunta, ta yi kamar tana tsoma ta a ruwa.

Wannan ba ya cikin abin da malamai ke koyarwa, ba kuma mahaifiyarmu ta koya mana ba. Ni ce nake ɗumama ruwan gawa in gwada shi da gwiwar hannu kamar na jariri, har mata na yi mini dariya a ɓoye.

Ɗiyar Yaya ta ce, "Inna, Mama ce ta koya mata. Tun bara take koya mata, a kan dutse, in sun zauna hutawa. Ta kwanta kan ciyawa ta ce ta juya ta. Ta ce ƙanwarta ba za ta samu isowa ba, don haka sai an yi mata irin na ƙanwarta, ba irin na kowa ba."

Sai tsohuwar ta matso da fuskarta. Ta buɗe baki da ƙyar, da harshenta mai nauyi, ta faɗi Hausar da na tabbata ita kaɗai ta iya: "Sannu, baiwar Allah. Za mu juya ki."

Maganata ce. Ita nake faɗa wa kowace gawa a kunne kafin in juya ta, a hankali, yadda mai riƙe buta kaɗai ke ji. Ashe duk shekarun nan da Yaya ke zuba ruwa tana kuka, tana ji.

Abu biyu suka haɗu a ƙirjina, kuma ba zan yi ƙarya in ce ɗaya ya kori ɗaya ba. Yaya ta ɗauki hannuna ta kai inda ƙafata ta ƙi zuwa. Ta kuma ɗauki abin da yake nawa ni kaɗai ta ba wata.

Na ce wa ɗiyar, "Hwaɗa mata wankan ya yi. Allah shi saka mata."

Sannan na miƙa wa ɗanta wayar, na ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji: "Ku shaida, na yahe ma Yaya, duniya da lahira." Ya kifa kai a gwiwata yana kuka kamar ba shi ke kayar da bijimi ba. Na bar shi ya yi.

Yafiya na ce na yi. Kishin ban ce na daina ba. Tsohuwar nan ta samu dariyar Yaya ta ƙarshe, da shayinta na ƙarshe, da nauyin kanta a cinya, kuma ita ke zuwa kabarinta ran Juma'a. Ni aka bari da tabarma.

Allah Ka jiƙan Yayata, Ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata mata kabarinta, don Ka san ba ta son matsatsen wuri. Ka sa Aljanna ce makomarta. In kuma akwai wurin hawa a can, Ya Rabbi, Ka sa ta jira ni. Wannan karon ni zan bi ta.